Kubwa, Lugbe ko Mararaba: Wane Gidan Haya Ne Zai Ɗauki Injin Wanki?

Duk wanda ya taɓa neman gidan haya a Abuja ya san inda aljihunsa ke tura shi. Maitama, Asokoro, Wuse 2 da Jabi na masu hali ne, ko na waɗanda ma'aikatarsu ke biya musu. Gwarinpa da Life Camp ma sun daɗe da fin ƙarfin matsakaicin ma'aikaci. Sauran jama'a sai su nausa bayan gari: wasu su bi babbar hanyar Kubwa, wasu su bi ta filin jirgi zuwa Lugbe da Kuje, wasu su gangara ta AYA su nufi Karu, Nyanya, Mararaba, har Masaka. Haya ta fi sauƙi a can, amma hanya tana cinye yini. Mutum ya fita bayan sallar asuba, ya dawo bayan magariba. In uwargida ma tana aiki, to Asabar kaɗai ta rage musu, ita ce ta cefane, ita ce ta biki da suna da gaisuwar mara lafiya, ita ce kuma ta tulin wankin mako guda. Shi ya sa injin wanki, wanda a da ake ɗauka kayan gayu ne, yanzu ya shiga cikin sharuɗɗan da magidanta ke gindaya wa dillali.

Dillali kuwa ba ya cewa babu. Kowane gida ya kai ka, zai nuna maka wani lungu ya ce ga wurin inji nan. Amma inji ba lungu kawai yake so ba. Yana son ruwa mai shigo masa, da hanyar da ruwan dauɗa zai fita, da wutar da za ta juya shi, sannan kayan da ya wanke suna son inda za a shanya su. Yawancin gidajen hayar bayan garin Abuja ba a gina su da tunanin inji ba, don haka kai ne za ka bincika waɗannan da idonka. Ni a ganina wannan binciken yana da amfani ko da ba ka riga ka sayi injin ba, domin gidan da ya cika waɗannan sharuɗɗa shi ne gidan da za a zauna lafiya a cikinsa. Wanda ya gaza kuwa, tayil ɗinsa da fentinsa ba za su hana ka neman tashi bayan shekara guda ba.

Gidajen da za a nuna maka ba sa wuce iri uku. Akwai fulat a cikin rukunin gidaje mai katanga da masu gadi, abin da ake kira estet. Sababbin cikinsu kan zo da ɗan wuri a bayan kicin, an ja famfo, an bar ramin fitar ruwa, an sa soket, sai dai kawai ka tura injinka. Kuɗin wannan jin daɗin ba a cikin haya kaɗai yake ba, akwai kuɗin hidima na shekara-shekara, na masu gadi da kwasar shara da tura ruwa, kuma ba kai ke yanke shi ba. Wasu rukunan suna da sa'o'in da suke sakin ruwa, wasu sun hana shanya a baranda ko a kan katanga, wasu kuma su ke sayar wa mazauna wuta a kan farashin da suka ga dama. Iri na biyu shi ne bene mai fulat huɗu ko shida, mallakar mutum ɗaya, da bohol ɗaya da tanki a kan ƙarfe. Ba a tanadi wurin inji ba, amma mai aikin famfo zai iya samar da shi a yini guda in mai gida ya yarda. Na uku shi ne gidan haɗaka, ciki da falo ko ɗaki biyu, tsakar gida ɗaya, mitar wuta ɗaya, ruwa daga rijiya ko daga 'yan garuwa. Shi ya fi araha nesa ba kusa ba, shi ne kuma ya fi wuyar sha'ani ga mai inji.

Ruwa shi ne kan gaba, kuma a nan ne ya kamata mutum ya fi ɓata lokaci. Tambayar "akwai ruwa?" ba ta wadatar ba, domin amsarta kullum e ce. Abin tambaya shi ne daga ina yake zuwa, wa ke kunna injin turo shi, da kuɗin wa, kuma yaya yake kasancewa daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙasa ta bushe, bohol marasa zurfi suka fara tari. Wannan tambayar ba dillali ake yi wa ita ba, ba kuma mai gida ba. Ka koma gidan kai kaɗai da yamma, ka yi sallama da wanda ke zaune a ciki, ko mai shagon da ke ƙofar gida, ko ɗan garuwan da ke layin. In ka ga kurar ruwa na shiga da fita a gidan da aka ce maka yana da bohol, ka riga ka sami amsa. Ka kuma duba launin ruwan da cikin tankin banɗaki. Wasu bohol ɗin ruwansu na da tsatsa, ba a gani nan take, amma bayan 'yan watanni fararen kaya da kayan makarantar yara sai su koma ja-ja, kuma bilic ba ya gyara wannan.

Yawan ruwan da ake bukata ya danganta da irin injin. Inji mai ƙofa a gaba shi ya fi tsimi, yana shan kamar lita 50 zuwa 60 a wanki ɗaya, wato jarka biyu da ɗan ɗori, tunda jarkar 'yan garuwa lita 25 ce. Mai buɗewa ta sama, otomatik, yakan sha lita 100 zuwa 150, jarka huɗu zuwa shida ke nan. Gidan da ake wanki sau biyar a mako da irin wannan injin zai iya zubar da lita 600 ko fiye a wanki kaɗai, kura biyu cur. Mai baki biyu, wanda ake wanki a gefe ɗaya a matse a ɗaya gefen, yawan ruwansa a hannun mai wankin yake: ana zuba masa da bokiti, ana iya fara fararen kaya sannan a bi da masu launi a ruwan omo ɗaya, ruwan ɗauraya kuma a tara shi don goge ƙasa ko banɗaki. Abin lura ga mai yin haka shi ne kayan da najasa ta taɓa, irin wandunan jarirai da zanen gadon yara, a ɗauraye su daban da ruwa mai tsarki kafin su shiga cikin sauran, domin da waɗannan tufafin ake sallah.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba sa sani sai sun kai inji gida: injin otomatik ba ya jan ruwa da kansa, jira yake a turo masa da ƙarfi. Ƙarfin ruwan gidan bohol kuwa daga tsayin tanki yake zuwa. Yawancin waɗannan injuna suna son tanki ya ɗara bakin shigar ruwansu da aƙalla mita 5, wasu ma sai mita 10. Wanda ke hawan ƙasa a gidan bene yakan sami haka cikin sauƙi. Wanda ke hawan ƙarshe, inda tankin bai fi mita 2 ko 3 a saman famfonsa ba, zai ga inji ya yi minti talatin yana jiran ruwa, daga baya ya tsaya yana ƙara. Gwajin ba shi da wuya. Ka je da bokiti mai lita 10, ka tara a famfon da za a haɗa injin. In ya cika cikin minti ɗaya ko da 'yan daƙiƙoƙi a kai, lafiya lau. In ya kai minti uku, to ko dai ka sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, wanda shi ma wuta yake ci, ko ka haƙura da otomatik. Saboda wannan nake fifita hawan ƙasa ko na ɗaya ga mai inji, duk da na san sama ta fi iska da sirri. Ƙari a kan haka, inji mai ƙofa a gaba yana kai kilo 60 zuwa 70, hawa da shi bene aiki ne na ƙarti, kuma in yana matsa da dare maƙwabcin ƙasa zai ji a silin ɗinsa.

In aka ɗora unguwannin a kan wannan ma'auni na ruwa, Kubwa ce ke gaba. Tana cikin ƙaramar hukumar Bwari, kusa da madatsar ruwa ta Usuma da ke wajen Ushafa, wadda ita ce ke shayar da birnin, ana kuma ƙara mata ruwa daga madatsar Gurara ta jihar Kaduna. Tsofaffin sassan Kubwa da gwamnati ta tsara, irin su Phase 2, Phase 3 da Phase 4, suna da bututun hukumar ruwa. Ba kowane layi ba ne, ba kuma kullum ba, amma ruwan da aka tace wanda ke zuwa ko da wuta ko babu wuta ni'ima ce babba ga mai wanki. Sababbin sassan da garin ya faɗaɗa zuwa cikinsu, kamar Byazhin da Chikakore, bohol ne abin dogaro kamar ko'ina, don haka sunan Kubwa kaɗai ba ya tabbatar da komai. Aibin tsofaffin gidajen shi ne tsufan: banɗaki matsattse, wayoyin wuta na da, bututun ƙarfe da ya fara toshewa. Sai dai kasuwar kayan gini ta Dei-Dei na nan kusa, kayan famfo da masu aikinsa ba sa wuyar samu. Hanyar shiga gari tana da faɗi, ko da yake da safe ana taruwa daga mahaɗar Dutse zuwa Gwarinpa. Akwai tashar jirgin ƙasa na cikin gari a Gbazango, jirgin da aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020 lokacin korona, ya dawo aiki a watan Mayun 2024. Jirgin Kaduna ma yana tsayawa a Kubwa, abin da ke da daraja ga wanda iyayensa ke Kaduna, Zariya ko Kano.

Lugbe ta fi Kubwa sababbin gine-gine, kuma a nan ne za ka fi samun fulat ɗin da aka tanadar wa wurin inji tun daga zane. Ga mai aiki a Sakatariyar Tarayya, Garki ko filin jirgi, hanyarta miƙaƙƙiya ce. Rauninta shi ne kusan kowa da bohol ya dogara, bohol kuwa bawan wuta ne: in aka kwana biyu babu wuta, tanki ya ƙare, sai a fara karo-karon kuɗin man janareta, daga nan sai a fara ƙirga wa ya fi kowa shan ruwa. Mai injin wanki shi ake fara nunawa da yatsa. Abu na biyu shi ne ambaliya. Wasu sassan Lugbe a kwari suke, kusa da hanyoyin ruwa, kuma ba a manta da ambaliyar da ta auka wa rukunin gidajen Trademore a watan Yunin 2023 ba. Shawarar da na bayar ta zaɓen hawan ƙasa ba ta aiki a irin waɗannan wurare. Ka duba gindin katanga da bangon waje, ruwa yakan bar zanensa ko an yi sabon fenti. Wanda ya sami dama ya ga gidan Lugbe a watan Agusta ko Satumba, jim kaɗan bayan an tafka ruwan sama, ya ga gaskiyar gidan da ta hanyar shiga unguwar.

Mararaba ba a cikin babban birnin tarayya take ba, ƙaramar hukumar Karu ce ta jihar Nasarawa, ita da Ado, One Man Village da Masaka. Haya a nan ta fi ta sauran biyun sauƙi ƙwarai, abinci ma haka, kuma Bahaushe ba ya baƙunta a cikinta. A taswira ba ta da nisa da Asokoro, amma cunkoson Nyanya da gadar Karu ya sa mai son isa ofis ƙarfe takwas yakan fita tun duhu bai washe ba. Wato wanda ya fi kowa bukatar inji saboda ƙarancin lokaci, shi ne ke zaune inda inji ya fi wuyar aiki. Unguwanni da yawa da ruwan 'yan garuwa suke rayuwa, gidaje a cushe, rijiya kusa da sokawe, layuka babu magudana. Ba ina cewa babu gidaje masu kyau ba, akwai su, musamman in an ɗan shiga ciki inda aka yi sababbin benaye masu bohol nasu. Amma da zarar gidan Mararaba ya cika sharuɗɗan ruwa da wuta da hanya, kuɗinsa yakan matso kusa da na gefen Kubwa, sai tazarar da ta jawo ka ta ragu.

Kuje da Gwagwalada suna da fili, gidajensu kan zo da tsakar gida ko bayan gida inda za a ja igiya a sake. Sun dace da wanda aikinsa ke can, ko wanda ba kullum yake shiga gari ba. Ga mai zirga-zirgar yau da kullum, tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye ribar.

Batun wuta yana da ɗan ruɗani, domin mutane na tsoron abin da bai kai a ji tsoro ba, suna sakaci da wanda ya kai. Kamfani ɗaya ne, AEDC, ke raba wuta a Abuja da Nasarawa, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni: Band A an yi musu alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, B sa'a 16, C sa'a 12, D sa'a 8, E sa'a 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage amma bai sauka ƙasa da 200 ba, alhali sauran rukunan a lokacin suna ƙasa da naira 70. Jin haka sai mutum ya ɗauka inji zai cinye masa kati. Ba haka ba ne. Wanki da ruwan sanyi bai cika kai rabin yunit ba, ko a wane irin inji. Abin da ke shan wuta shi ne ɗumama ruwa, wanda ke jan kusan wat 2,000 a inji mai ƙofa a gaba, da dutsen guga, da injin busar da kaya mai cin yunit biyu zuwa uku ko fiye a zubi ɗaya. Na ƙarshen nan ban ga dalilin sayensa ba a garin da rana ke dukan mutum yawancin shekara. Injin turo ruwa daga bohol ma, mai ƙarfin doki ɗaya, wat 750 yake ja, kuma shi ne ainihin kuɗin wutar da wanki ke jawowa a fakaice.

Abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne tsayuwar wutar. Injin otomatik yana ɗaukar sa'a ɗaya zuwa biyu, in aka ɗauke wuta a tsakiya kaya su kwana a jiƙe, mai ƙofa a gaba ma ya kulle ƙofarsa da ruwa a ciki. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa shi ba ta jure hawa da saukar wuta, in ta ƙone kuma gyaranta da tsada, don haka sitabilaiza ta zama dole. Mai baki biyu ba ruwansa da wannan: wat ɗari uku zuwa ɗari biyar yake ja, kowane zagaye minti goma sha biyar ne, matsakaicin janareta ko sola mai ɗan ƙarfi na ɗaukarsa, in wuta ta tafi a tsame kaya a ƙarasa da hannu, kuma kowane mai gyara a bakin kasuwa ya san cikinsa. Ga layin da ke Band C zuwa ƙasa, shi ne zaɓin hankali, ko da kuɗin babban inji na hannu.

Kada ka karɓi gidan da ba shi da mitar kati tasa shi kaɗai. Mitar haɗaka da injin wanki ba sa zama gida ɗaya ba tare da rigima ba, ko da lissafi ya nuna injinka bai kai firjin maƙwabci ci ba, domin shi ana jin ƙararsa. Ka nemi lambar mitar, ka tabbatar babu bashin wanda ya tashi a kanta, in ba haka ba duk katin da ka saya za a riƙa zaftare wani abu. Soket ɗin da za a sa inji kuma ya zama mai ƙafa uku wanda wayar ƙasarsa, wato mai kare mutum daga jan wuta, ke aiki da gaske. Ana yawan barin wannan wayar a sake a gidajen haya, kuma inji a kan jiƙaƙƙen tayil, ga yara na yawo ba takalmi, ba abin wasa ba ne. Kuɗin kiran mai gyaran wuta ya gwada kafin ka biya haya ba shi da yawa.

Sai fitar ruwa. Mai baki biyu da yawancin masu buɗewa ta sama ba su da abin tura ruwa waje, gangarowa yake da kansa, don haka tiyonsu dole ya kwanta ƙasa kusa da rami. Mai ƙofa a gaba yana turawa, ana iya rataya tiyonsa a tsayin santimita 60 zuwa 100, ya shiga bututun wurin wanke-wanke. Faɗinsa santimita 60 ne, yana shiga ƙarƙashin teburin kicin. Mai baki biyu ya fi shi faɗi, yakan kai 75 zuwa 85, ƙofar banɗaki kuwa sau da yawa ba ta wuce 75 ba, sai dai a shigar da shi a karkace. Ka tafi da abin awo. Ka kuma tambayi inda ruwan ke ƙarewa. In sokawe yake shiga, zai cika shi da wuri, musamman da damina, kuma kuɗin motar kwasa a kan 'yan haya yake faɗawa. In kwatar waje yake bi ya kwanta a ƙofar wani, ka sayi faɗa da sauro a lokaci guda.

Wurin shanya shi ne abin da maza suka fi mantawa, shi ya sa bai kamata a biya kuɗin gida uwargida ba ta gan shi ba. Ita ce za ta lura cewa igiya ɗaya ce ga gida shida, ko cewa wurin shanyar a gaban ɗakin samari yake, inda mace ba za ta iya baza kayan cikinta ba. Baranda ta baya mai samun rana da iska ta fi ɗakin wanki mai ƙyalli amfani. Daga Yuli zuwa Satumba kaya kan yi kwana biyu ba su bushe ba, a nan matsewar inji ke nuna amfaninta. Da hunturu kuma ƙura ce, baranda mai rufi ta fi fili. A guji shanya kayan yara a kan ciyawa ko ƙasa, akwai ƙudan da ke saka ƙwai a kan jiƙaƙƙen tufafi, tsutsar ta shiga fata. Guga mai zafi na kashe ƙwan.

Yanzu a zo ga lissafi, da alƙaluman misali kawai, kowa ya sa nasa. A ce gida na farko naira miliyan 1 da dubu 500 ne a shekara, yana da ruwa tsayayye. Na biyu miliyan 1 da dubu 200, amma sai an sayi ruwa. Tazarar dubu 300 ce, wato dubu 25 a wata. In kurar ruwa a layin naira 2,000 ce, kuna shan ɗaya duk kwana biyu, dubu 30 ke nan a wata, dubu 360 a shekara: tazarar ta tafi har da ɗori, ba a ma kunna inji ba. In gidan na biyu ya ƙara maka naira 1,000 a kuɗin mota kullum, kwana 22 a wata, ƙarin dubu 264 ke nan a shekara. Araha ba ta ado. Sannan ka tuna kuɗin shiga: dillali galibi kashi 10 cikin 100, lauya mai rubuta yarjejeniya shi ma kusan haka, ga kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa saboda ɓarna. Waɗannan sau ɗaya ake biyansu in ka zauna, amma duk ranar da rashin ruwa ya kore ka, sabo za ka biya a wani gidan, ga kuɗin motar kwasar kaya, ga sauya wa yara makaranta. A ɗaya ɓangaren kuma, in estet ya ɗara gidan bene na talakawa da dubu ɗari huɗu ko biyar saboda kuɗin hidima, ka sani cewa jan famfo da rami da soket a baranda bai kai ko kusa da haka ba, kuma sau ɗaya ake yinsa.

Ba kowa ne ya kamata ya wahalar da kansa da wannan neman ba. Gwauro ko ma'aikacin da iyalinsa ke gida Katsina ko Sakkwato, wanda yawancin kayansa kaftani ne da shadda, ko yana da inji sai ya kai wa mai wanki da guga, domin shadda mai tsada ba a jefa ta a inji, tana son hannu da sitaci da bugu. Irin wannan ya nemi ɗaki kusa da wurin aikinsa, ya rage kuɗin mota, ya bar maganar inji. Inji na gidan da ke da yara ne, inda kayan makaranta, zannuwan gado, tawul, hijabai da kayan jarirai ke taruwa kullum.

Ga irin wannan gidan, in ni aka tambaya, zan ce a fara da gidan bene mai fulat huɗu zuwa shida a sashen Kubwa da ruwan famfo ke kaiwa, hawan ƙasa ko na ɗaya, mai mitarsa daban da baranda ta baya. In aikin mutum ta hanyar filin jirgi yake, to Lugbe, a kan tudu, a gidan da 'yan hayarsa suka riga suka tsara yadda ake biyan kuɗin turo ruwa, ko wanda bohol ɗinsa ke aiki da sola. In aljihu bai kai ba sai Mararaba ko Masaka, babu laifi, a nemi gida mai bohol a cikinsa, a sayi mai baki biyu da babban duro na tara ruwa, a bar otomatik sai an sauya gida. Estet mai ɗakin wanki na wanda kuɗin hidimar ba zai taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa ba ne.

Kowanne ka zaɓa, maganar inji ta shiga cikin takardar yarjejeniya kafin kuɗi su bar hannunka. A rubuta cewa mai gida ya amince a ja famfo a huda bango a wuri kaza, wa zai biya, kuma in za ka tashi za ka mayar yadda yake ko za ka bar masa. A rubuta yadda ake raba kuɗin ruwa da na kwasar sokawe, ko da za a ɗora maka ɗan ƙari saboda injin, gara ka san shi tun farko. Ka duba wa'adin sanarwar tashi: a dokar Abuja mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin wata shida, sai dai in yarjejeniyar da ya sa wa hannu ta faɗi wani abu daban, kuma da yawa suna rage shi zuwa wata uku ko ɗaya a cikin ƙananan rubutun takardar. Ka ɗauki hoton bango da tayil da lambar mita ranar da aka ba ka makulli, saboda ranar karɓar kuɗin ajiyarka. Kuɗin kuma ka tura su asusun mai gida ko na lauyan da ya wakilta a rubuce, bayan ka gan shi ido da ido, ka karɓi rasit mai ɗauke da adireshin gidan da ranar da hayar za ta ƙare.